Wata Shida da Jaririn Roba

Mutumin da ya yi alkawarin tarbata a filin jirgin Delhi bai zo ba. Na zauna a kan akwatina kusa da ƙofar fita ina kallon masu ɗaga kwalaye da sunayen baƙinsu, har suka watse, wasu suka maye gurbinsu. Sunansa Alhaji Tanimu, ɗan ƙasarmu ne, sana'arsa kai marasa lafiya asibitocin Indiya yana yi musu tafinta. Ta hannunsa na samu gurbin kwas ɗin da ya kawo ni, wata shida na koyon ceton jarirai sabbin haihuwa. Sai da azahar ta gota ya ɗaga waya.

"Likita, an sauka? Sannu da hanya. Ai kwas ɗin ba a Delhi yake ba, can kudu ne. Yanzu zan turo miki tikitin jirgin ƙasa."

"Alhaji, Delhi ka ce min."

"Duk Indiya ce, 'yar'uwa. Ki yi haƙuri."

Na ce to. Ban ji haushi ba, ban ji tsoro ba. Na daɗe rabona da jin irin waɗannan abubuwa, tun kafin in bar gida.

Sunana Yagana. A Mubi aka haife ni, amma iyayena mutanen Barno ne, kasuwanci ya kawo su. Baba yana da shagon atamfa a babbar kasuwa. Ni likita ce, yawancin aikina kuma a ɗakin haihuwa na yi shi. A can, in jariri ya faɗo bai yi kuka ba, sai mu goge shi, mu murza bayansa, mu ɗora masa ambu, jakar robar nan da ake matsawa a hura wa mutum iska. Da yawa suna farfaɗowa da hakan. Amma akwai waɗanda iskar ba ta isar su sai an zura musu siririn tiyo ta baki har cikin maƙogwaro. Wannan babu mai iya shi a cikinmu. Ni sau ɗaya na taɓa ganin an yi, ina ɗaliba, ta bayan kafaɗun mutane. Irin waɗannan jariran naɗe su muke yi a zane mu miƙa wa kaka. Da farko nakan kasa cin abinci. Daga baya na kai inda nake fitowa in wanke hannu in ƙarasa ƙosan da na bari a ofis. Wata rana na faɗa wa Baba haka. Sai bayan kwana biyu ya kira ni ya ce, "Ki nemo inda ake koyarwa, ki je." Na tafi na bar 'yata Ummi wajen Iya, mahaifiyata, ba a daɗe da yaye ta ba.

Jirgin ƙasan kwana biyu ya yi da mu a hanya. Indiyar da muka taso muna gani a fim, ta furanni da duwatsu masu ƙanƙara, ban ga ko gefenta ba. Gonakin shinkafa na gani, da juji, da mutane, mutane ko'ina. A taragon da na zauna duk ido a kaina yake. A rana ta biyu nono ya cika min ƙirji har ya jiƙa rigata ya fito ta hijabi. Wata mata da ke zaune a gabana ta lura. Ba mu da yare ɗaya ni da ita. Ta buɗe jakarta ta miƙo min ƙaramin tawul, sannan ta tashi ta tsaya ta kare ni da gefen zanenta na sari har na gama gyarawa. Ta sauka a wata tasha da ban iya karanta sunanta ba.

Birnin da aka tura ni yana bakin teku. Zafinsa mai danshi ne, ba irin namu ba, ka fito daga wanka kana gumi. Masaukin ɗaliban da Alhaji Tanimu ya turo min hotonsa, mai fararen gadaje da lambu, babu shi. Ɗaki ne guda a saman shagon mai gyaran babur, a gidan wata tsohuwa mai suna Janaki. Ta nuna min famfo, ta nuna min banɗaki, ta nuna min da hannu cewa ba a dafa nama a gidanta.

Washegari na je cibiyar horon. Matar da ke ofis ta miƙo min kati in rataya a wuya.

"Ke mai kallo ce," ta ce da Turanci. "Doka ba ta yarda likitan waje ya taɓa majinyaci ba. Za ki yi aiki a ɗakin gwaji. Jarirai na gaske kuma za ki gan su ta gilashi."

Na ce ba haka aka faɗa min ba. Ta ce da ma haka tsarin yake, kowa ya sani. Na fita waje na kira Alhaji Tanimu.

"Alhaji, ka ce da hannuna zan yi aiki a kan jarirai."

"Haba Likita, ai kallon ma karatu ne. Gani ya kori ji."

Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Na tsaya a bakin titi, babura suna wuce ni, na yi tunanin komawa gida. Sai na tuna yadda Baba ya yi ta gaya wa maƙwabtan shagonsa cewa 'yarsa ta tafi Indiya koyon raya jarirai. Na rataya katin na koma ciki.

Ɗakin gwajin yana hawa na uku, da sanyin na'ura mai ratsa ƙashi. Tebura ne a jere, a kan kowanne jaririn roba a kwance, baki buɗe, ido rufe. Wasu girman cikakken goyo, wasu bakwaini. Malamarmu Dakta Lalita ce, gajeriyar dattijuwa mai furfura, ba ta ɗaga murya. Ita ta nuna mana yadda ake yi. Ka gyara kan jariri kamar mai shinshinar iska. Ka riƙe wani ƙarfe mai 'yar fitila a baki da hannun hagu, ka zura a hankali, ka kawar da harshe, ka ɗaga. In ka dace za ka hango ƙofar numfashi, 'yar mitsitsiya, da farin zare biyu a gefenta. Ta nan tiyo zai bi. Dab da ita a ƙasa akwai hanyar abinci, ta fi faɗi, ta fi sauƙin shiga, kuma can hannun sabon shiga yake kai tiyo. In ya shiga daidai, ƙirjin robar ya taso, koriyar fitila ta kama. In ya kauce, ciki ne zai kumbura.

"Ki riƙe numfashinki da zarar kin zura ƙarfen," in ji Dakta Lalita. "In kin ji kin matsu, shi ma ya matsu. Ki fito, ki ba shi iska, ki sake."

Makon farko cikin robar nake ta kumburawa. Na yage wa wani jaririn roba gefen baki. Ba ta yi min faɗa ba, ta kama wuyan hannuna ta ce, "Ɗagawa ake yi, ba murɗawa ba." Haka na yi ta yi. In zo da safe, in zura, in cire, in zura, in cire, har yamma. Ruwan sama ya sauka ya yi ta zuba, titi ya zama kogi, na riƙa tattare zane ina ratsawa. Kafin wata biyu fitilar ta daina ƙin kama min. Wani lokaci ina yi ina tunanin wani abu dabam, ko ma ba na tunanin komai.

Ranar Juma'a nakan kira gida ta bidiyo. Iya ta riƙe wayar ta ce, "Ummi, zo ga Mama." Da farko tana zuwa ta danna yatsa a fuskata. Daga baya sai ta leƙo ta koma bayan zanen Iya. Iya ta fara yi mata faɗa, na ce a ƙyale ta. Nonon ma ya ƙafe da kansa.

A cikin 'yan kwas ɗin mutum ɗaya na saba da ita, Sista Agnes, 'yar Uganda, sistar coci ce kuma nas, ta girme ni sosai. Tare muke cin abincin rana a matakalar bene, shinkafa da miyar wake mai yaji, kullum ita ce. Wata rana ta nuna ƙofar ɗakin gwaji da cokali.

"Waɗancan ba sa amai," ta ce. "Ba sa jini. Ba su da uwa a bakin ƙofa tana ihu. Na taɓa yin irin wannan horon a ƙasarmu, na kwana biyu, aka ba mu satifiket. Da na gaske ya zo, na buɗe bakinsa, ja kawai na gani."

"To me ya kawo ki nan?"

"Shugabarmu ta ce in zo. Kuma ai kwana biyu ba wata shida ba ne. Ko ba haka ba?"

Tambayata take yi da gaske.

A wata na uku aka fara kai mu kallo. Ɗakin jarirai na asibitin yana da dogon gilashi, mu tsaya a bayansa, hannu a baya. Akwai wani matashin likita ɗan ƙasar mai suna Arun da ke zuwa ɗakin gwaji tare da mu. Duk ya fi mu sauri, har Dakta Lalita takan sa shi ya nuna mana. Wata rana aka kawo bakwaini yana jan numfashi da ƙyar, aka ce Arun ya zura masa tiyo. Ina kallo ya ɗauki ƙarfen daidai, ya gyara kan daidai. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Na'urar da ke gefen jaririn ta fara ƙara. Ya fito, ya sake, ciki ya kumbura. A karo na uku ma ya kasa. Babbar likitar ɗakin ta ture shi da kafaɗa ta karɓa, ta zura nan take. Arun ya koma jikin bango ya tsaya, safar hannunsa a hannu. Da yamma na same shi a ɗakin gwaji shi kaɗai, yana zura wa roba tiyo, fitila tana kamawa, yana cirewa yana sakewa.

Washegari na jira kowa ya fita na tambayi Dakta Lalita.

"Malama, wannan abin da muke yi, yana amfanar jariri na gaske?"

Ta ci gaba da goge bakin wata roba da auduga.

"Ban sani ba, Yagana. Abin da zan iya rantse miki a kai shi ne, wanda ya yi ta yi a kan roba ya fi iya yi a kan roba. Wannan na gani da idona. Na gaske kuwa, wasu ɗalibaina sun aiko sun ce ya taimake su. Waɗanda bai taimaka ba ba sa aikowa."

"To me ya sa kike koyarwa?"

"Don in ba a nan kika koya ba, a kan ɗan wata za ki koya."

A wata na huɗu, wata safiya ina kan hanyar cibiyar, maigidana Modu ya kira. Bai saba kira a wannan lokacin ba, don a gida ko asuba ba ta yi ba.

"Yagana, kina ina?"

"Ina hanya."

"Ki samu wuri ki zauna."

"Faɗi kawai, Baban Ummi."

"Sai haƙuri. Baba ya faɗi a shago jiya da la'asar. Muka kai shi asibiti. Allah ya karɓi abinsa. Da hantsi za a kai shi."

Na ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi Iya, ya ce tana nan da mata. Na kashe wayar na ci gaba da tafiya, don ban ga inda zan juya in nufa ba. Na hau bene na sa safar hannu. Ranar ban kuskure ko sau ɗaya ba. Na yi manya, na yi bakwaini, fitila tana kamawa. Sai da muka zauna cin abinci Sista Agnes ta ce me ya sa ban taɓa shinkafar ba, na ce mata yanzu haka ana binne mahaifina.

Ta ajiye cokalinta. Ta raka ni har gida, ta yi wa Janaki bayani da hannu da 'yan kalmomin da ta tsinta. Tsohuwar ta hau benen da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Ta zaunar da ni a tabarma, ta zare min ɗankwali, ta ɗebo man kwakwa ta fara shafa min a kai. Ba ta san yadda ake taje irin gashinmu ba, matajinta ya yi ta maƙalewa, ta ajiye shi ta ci gaba da yatsu, tana magana a hankali da yarenta. Kwana uku tana kawo min abinci tana zama a bakin ƙofa, Sista Agnes kuma ta zo da yamma da carbinta. Zaman makokin Babana ke nan da na samu: ni, da sistar coci, da tsohuwa 'yar Hindu, a saman shagon babur. Na yi ta jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Rana ta huɗu na koma ɗakin gwaji.

Da kwas ya ƙare aka ba mu satifiket, an rubuta a jiki cewa mun halarta a matsayin masu kallo. Dakta Lalita ta kira ni ofishinta ta nuna min wani kwali. Jaririn robar da na yage wa baki ne, an cire shi daga aiki, fitilarsa ma ta mutu. Ta haɗa min da tsohon ƙarfen leƙa maƙogwaro da ƙunshin tiyo.

"Hannu yana mantuwa," ta ce. "In kika daɗe ba ki taɓa ba, kamar ba ki zo ba ne."

Na naɗe shi a zanena na sa a jakar hannu. Janaki ta raka ni bakin titi, ta kama kumatuna da hannu biyu, ta koma ciki.

A Kano na sauka, na kwana, na bi mota zuwa Yola, daga can na shiga ta Mubi. Bayan mun wuce Hong aka tsayar da mu a shinge, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani soja ya zuge jakata ya ɗaga zanen. Ƙafar jariri ta leƙo. Ya yi baya da sauri, hannunsa a kan bindiga. Wata mata a cikin fasinjoji ta ɗora hannu a ka tana salati.

"Madam, mene ne wannan?"

"Roba ce. Ni likita ce, da shi ake koyo."

"Koyon me?"

Na ga bayani ba zai yi ba. Na kwantar da shi a kan but ɗin motar, na ciro ƙarfen, na zura tiyo, na hura da bakina. Ƙirjin robar ya taso. Fasinjoji suka matso, har da direba. Na ce haka ake yi wa jaririn da ya faɗo bai yi numfashi ba. Sojan ya daɗe yana kallon ƙirjin.

"Matata ta haihu bara," ya ce. "Bai yi kuka ba."

Na ce Allah ya sa mai ceto ne. Ya ce amin. Ya naɗe robar da kansa ya mayar min a jaka, ya ɗaga wa direba hannu.

Na isa gida na yi wa Iya gaisuwa, ta yi min. Ta nuna min inda Baba yake ajiye takalmansa, har yanzu suna wurin. Ummi ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana kallona, da aka ce ta gaishe ni ta ce, "Sannu Anti." Mata suka yi dariya. Ni ma na yi.

Na koma aiki damina tana tsaka. Kusan wata guda ban buƙaci ƙarfen ba, sai dai in fito da robar a ofis in gwada in mayar. Sai wata Laraba da hantsi aka kawo wata mata daga ƙauyen Digil a keke mai ƙafa uku. Tun jiya take naƙuda, rafi ya cika ya tare musu hanya sai da ruwa ya janye. Ungozomar da ke aiki ranar Rifkatu ce, 'yar Kwaja, ta fi ni daɗewa a ɗakin. Yaron ya faɗo jiki sake kamar tsumma, babu kuka, babu motsi. Muka goge, muka murza, muka ɗora ambu. Na gyara kai, na sake gyarawa, ƙirji ba ya tasowa yadda ya kamata. Na saurari zuciya, tana bugawa a hankali, tana ƙara ja baya.

"Dokta, ba ya shiga fa," in ji Rifkatu. "Ki yi abin da kika je koyo."

Na ɗauki ƙarfen na riƙe numfashina na zura. Kan yaron ya karkace, santsi gare shi, ba ya tsayawa inda ka ajiye shi. Harshen ya cika bakin. A ciki ruwa ne kore-kore da majina, komai ja, komai iri ɗaya. Babu farin zare. Na ga wani rami na tura tiyo. Rifkatu ta matsa ambu, ciki ya kumbura.

Na zare. Na ce ta zuƙe ruwan, ta zuƙe. Muka ba shi iska ta fuska. Uwar tana kan gadon haihuwa tana tambaya da Fulatanci, babu mai amsa mata.

Karo na biyu ban tuna na yanke shawarar komai ba. Hannun hagu ya shiga ya kawar da harshe, ya ɗaga, bai murɗa ba. Na ja ƙarfen baya kaɗan, abin da Dakta Lalita ta sa mu yi har ya gundure mu. Sai ga ƙofar numfashin. Ba fara ba ce kamar ta roba, launin sauran naman ce, ta fi ƙanƙanta, ta fi kusa da sama. Na zura. Rifkatu ta matsa. Ƙirji ya taso, dama da hagu. Babu fitilar da za ta gaya min, na sa abin sauraro na ji iska a ɓangare biyu. Zuciyar ta fara sauri. Leɓensa ya soma sauya launi.

"Yesu," in ji Rifkatu a hankali. "Ya shiga."

Amma yaron bai ja numfashi da kansa ba, kuma asibitinmu ba shi da injin da ke yi wa jariri numfashi. A ɗakin gwaji, in fitila ta kama aiki ya ƙare. A nan sai wani ya tsaya yana matsa jakar, in ya daina yaron ya tafi. Na matsa, Rifkatu ta karɓa, na sake karɓa. Sai aka zo aka ce wata mai jego tana zubar da jini, dole in shiga tiyata, ga kuma mata biyu suna naƙuda, Rifkatu ita kaɗai. Na leƙa waje na ce ina mijin matar Digil.

Sunansa Hammadu, manomi ne, laka har gwiwar wandonsa. Hausarsa irin ta yawancin mutanenmu ce, mace da namiji duk "ka" ne. Na sa ya wanke hannu, na ɗora yatsunsa a kan jakar.

"Malam Hammadu, ka matsa kaɗan, ka saki. Ba da ƙarfi ba, ƙirjin kawai ya ɗaga. Kada ka ja tiyon. Kada ka tsaya, ko wa ya kira ka."

"In na tsaya fa?"

"Zai mutu."

Ya dube ni, ya dubi yaron. Ya fara. Na tsaya har na ga hannunsa ya kama, na ce Rifkatu ta riƙa leƙo shi, na shiga tiyata.

Da na fito azahar ta wuce. Yana nan a tsaye inda na bar shi, ya canza hannu kawai. Na karɓe shi ya je ya yi salla ya dawo, ya ce in ba shi, hannunsa ya saba. Na ja kujera na zauna a gefe ina sauraron ƙirjin. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Likita, an ce ka je ƙasar waje ka koyi wannan."

"Haka ne."

"Yara nawa ka yi wa?"

"Naka ne na farko."

Hannunsa bai tsaya ba.

"Kada ka gaya wa uwa," ya ce.

Ana shirin kiran magariba yaron ya ja wata ajiyar zuciya, kamar mai shaƙuwa. Muka jira. Ya sake. Ya motsa ƙafa, ya fara yamutsa fuska yana ƙin tiyon. Na ce Hammadu ya dakata. Ya ƙi, sai da na riƙe masa hannu. Ƙirjin ya ci gaba da tashi shi kaɗai. Da na tabbata ya tsaya da kansa na zare tiyon na sa masa oksijin ta hanci. Kukan da ya yi ƙarami ne, a shaƙe. Yatsun Hammadu sun ƙage, sai da Rifkatu ta miƙe masa su ɗaya bayan ɗaya.

Washegari yaron ya yi jijjiga, muka ba shi magani. Ya ƙi kama nono sai da aka daɗe ana ba shi ta hanci. Bayan mako biyu muka sallame su.

Tun daga nan na yi wa wasu. Akwai wanda tiyo ya shiga a karon farko, daidai kamar a ɗakin gwaji, ya rasu kafin la'asar. Akwai wanda na kasa gaba ɗaya. Ranar Alhamis nakan fito da robar mu yi gwaji a ofis. Rifkatu ta taɓa zura wa wata jaririya ba na nan, ta rayu. Wani abokin aikinmu kuma da ya fi kowa iyawa a kan roba, har yau in na gaske ya zo ni yake aika a kira. In shugabannin asibiti suka tambaye ni ko a sayo ƙarin robobi, nakan faɗa musu duk wannan, su yi ta kallona suna jiran in ce e ko a'a.

Yaron Hammadu yanzu ya shiga shekara ta uku. Ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin tafiya, hannunsa na hagu ba shi da ƙarfi, ban san kuma yadda karatu zai zo masa ba. Kwanakin baya na shiga kasuwa sayen gyaɗa, na jiyo muryar Hammadu a bayan buhuna. Yaron yana kan cinyarsa, mutane uku suna saurare.

"Wannan da kuke gani, ya zo duniya babu numfashi. Ni na matsa iska, daga hantsi har magariba. Allah ne ya yi, amma hannu nawa ne."

Sai ya ɗago ya gan ni. Ya sosa ƙeya.

"Ga likita ma," ya ce musu. "Shi ma ya taimaka."

Na ce, "Na taimaka." Na durƙusa na miƙa wa yaron hannu. Ya dube ni, bai san ni ba, ya cusa min gyaɗar da ya tauna rabi a tafina.